Shafin da Kawu Ya Ƙi Karɓa

Ya kamata in faɗa tun farko cewa ban amince da ƙwaƙwalwata sosai ba. Abubuwan nan sun daɗe, kuma na lura duk lokacin da na ba da labarinsu sai in tarar wani abu ya ɗan gusa daga inda na bar shi. Wani lokaci ina ganin Kawu da farar hula, wani lokaci kansa ba komai. Akwai maganganun da nake jin daga bakinsa na ji su, amma mai yiwuwa wani ne ya maimaita mini. Zan yi ƙoƙarin nuna inda nake shakka. Allah Ya yafe mini inda na ƙara ko na rage.

Kawu ƙanen mahaifiyata ne. Ya rasu a farkon daminar nan bayan 'yar gajeriyar jinya, aka kai shi makwancinsa a ƙauyenmu da ke kusa da Dawakin Tofa. An yi yayyafi da safen, ƙasa ta yi laushi, masu haƙa ba su sha wahala ba. Allah Ya jiƙansa, Ya sa ya huta.

A zaman makoki mun ga waɗanda muka sa ran gani: tsofaffin abokan aikinsa na kwaleji, da ɗalibansa da suka zama shugabannin makarantu, wasunsu da furfura fiye da tasa. Amma a kwana na biyu sai ga wani tsoho tukuf ya sauka daga babur, yana dogara sanda, ya ce daga wajen Gezawa yake. Ya yi gaisuwa, ya yi addu'a, ya nemi gefen tabarma ya zauna. Babban ɗan Kawu ya matso kusa da kunnena.

"Yaya, wane ne wannan? Ko danginmu ne ban sani ba?"

Ashe tsohon kunnensa garau yake.

"Ba danginku ba ne, ɗana," in ji shi. "Marigayin ma sau ɗaya na taɓa ganinsa. Da can ina ɗauko taki daga birni a kan jakuna. Ya turo mini ɗalibinsa, wai in faɗa masa me ya sa na ce takin bola ya fi na buhu. Na faɗa, ya rubuta, ya karanta mini. Na ce ba haka na ce ba. Ya tafi, ya dawo. Sau uku yana dawowa! Tun da nake ban taɓa ganin ɗan boko ya dawo don in gyara masa ba."

Ya ɗaga babban yatsansa na dama, ya juya shi kamar mai nuna zobe.

"Kun ga wannan? Shi ya shiga kwaleji. Ni ban shiga ba."

Aka yi dariya, sannan kowa ya tuna inda yake, aka yi shiru. Daga baya ƙanwata ta ce mini a cikin gida ma wata tsohuwar ungozoma ta zo da irin wannan labari, har ta yi kuka. Matan gida suka yi ta kallon juna. Ni kuwa na gane, kuma tun ranar ban samu natsuwa ba sai da na ɗauki biro.

Kawu ya koyar da rubutu a wata kwalejin horon malamai. A zangon ƙarshe na shekarar ƙarshe akwai wani aiki da kowane ɗalibi sai ya ci shi kafin a ba shi takardar kammalawa. Za ka zaɓi batun da mutane suka saɓa a kansa, ka ɗauki ɓangare, ka kawo hujja, da Turanci, shafi biyar ko shida. Kawu yana kiransa takardar matsayi. Mu ɗalibai takardar gardama muke cewa.

Shekarun tsuke bakin aljihu ne. Wanda bai gan su ba zai ɗauka ƙari nake yi. Sabulu sai an bi layi, alli sai malami ya karya gida uku, albashi ya zo ko kada ya zo. Muna rubutu a bayan tsofaffin takardun jarrabawa, har in ka ɗaga shafi a rana sai ka ga amsar wani da ba ka sani ba tana leƙowa ta cikin taka. Da jan biro ya gagara, Kawu bai tsaya nema ba. Ya koma tawada irin ta allo, da alƙalamin kara da ya feƙe da kansa. Takardunmu suna dawowa da ƙamshin ƙaro da hayaƙi. Har yau in na wuce makarantar allo sai in ji gabana ya faɗi kaɗan.

Ba a ofis yake duba aiki ba. Ranar Juma'a yakan ɗaure takardun a bayan keke ya taho gida, Asabar da hantsi ya shimfiɗa buzu a gindin ɗorawar da ke iyakar gonar kakarmu, ya danne su da dutse. Da ƙarfi yake karantawa, yana cewa hujjar da ba ta da lafiya kunne ne ke fara jin ɗingishinta. Masu wucewa da fartanya a kafaɗa sun saba, sukan ce, "Malam, ana shari'a?" Ya ce, "Ana yi, amma mai laifin bai zo ba."

Abu uku kawai yake nema, in ban manta ba: ina ka tsaya, a kan me ka tsaya, me wancan ya ce. A gefen shafi ba ya yawan rubutu. "Wa ya faɗa?" "Ka gani, ko an ce?" Ni kuwa abin da na fi samu shi ne, "Ina ka tsaya?" Ya taɓa ƙirga "wataƙila" goma sha ɗaya a shafi guda nawa, ya zagaye kowace, ya rubuta a ƙasa cewa in zaɓi biyu in sallami sauran su tafi gida. Mai karatu zai ga ban warke duka ba.

Abu na ukun ne ya bambanta shi da kowa. Ya ce ɗalibai sukan zana wa kansu wawa, su sa masa maganar banza a baki, su kayar da shi, su yi ta murna. Don haka ya kafa doka. Shafi na uku na wanda ba ka yarda da shi ba ne. Sai ka nemo mutum mai rai da ke da wannan ra'ayi, ka saurare shi, ka rubuta, ka karanta masa da Hausa. In ya ce haka ya faɗa, ya sa hannu, ko ya dangwala yatsa. In babu wannan, Kawu ba zai ko buɗe shafi na ɗaya ba. Wasu malaman sun ce ɓata lokaci ne. An ce har ƙararsa aka kai, amma wannan ji na yi, ban tabbatar ba.

Batun da na zaɓa shi ne cakuɗa shuka. A wajenmu gona ɗaya takan ɗauki gero da dawa da wake, wani lokaci har gyaɗa, duk a haɗe. Malaman gona kuwa suna cewa a shuka iri ɗaya zalla, a zuba takin zamani, amfani ya ninka. Na karanta 'yan littattafan da ke laburare, na gamsu, na tsaya a bayansu. Karo na farko ke nan da na ji na tsaya a wani wuri.

Da na kai masa batun a ofis, ya ce, "Madalla. Shafi na uku kuwa ba ka da wahala. Duk ƙasar nan babu mai taurin kai a kan wannan kamar mijin Yaya."

Wato mahaifina.

Ni ɗan fari ne. A gidajenmu na wancan lokacin iyaye suna yi wa ɗan fari alkunya: ba sa kiran sunansa, ba sa hira da shi, ba sa nuna sun damu da shi a gaban mutane. A gidan kakata na tashi, gida ɗaya da Kawu. Tsakanina da Baba gaisuwa ce, in durƙusa, ya amsa yana kallon wani wuri. In yana da saƙo, ƙanwata yake ba wa, ko da ina tsaye a wurin. Ba ƙiyayya ba ce, kowa ya san haka. Amma in zauna gabansa in ce ya faɗa mini hujjarsa, in kuma karanta masa cewa na saɓa masa? Sau biyu na je har bakin gonarsa. Na hango bayansa a sunkuye cikin gero, na juya.

Sai na zauna a ɗakin kwanan ɗalibai na rubuta shafin daga kaina. Na ce manomi yana cakuɗa shuka ne don haka ya tarar iyaye da kakanni suna yi, kuma yana tsoron sabon abu. Na shafa tawada a yatsana na dangwala. Ina jin kunyar rubuta wannan, amma in na ɓoye shi labarin Kawu ba zai fito ba.

Ranar da ya raba takardu, kowa ya karɓi tasa, tawa ba ta fito ba. Ya ce in same shi a ofis. Na tarar ya buɗe shafi na uku a kan tebur.

"Yatsan wa?"

Ya juyo mini da shafin.

"Mutumin da ya shekara arba'in yana riƙe fartanya, yatsansa ko tsaga ɗaya babu? Wannan yatsan ko tuwo mai zafi bai saba da shi ba." Bai ɗaga murya ba. "Amma ko babu yatsan na gane. Na san mijin Yaya tun ina yawo ba wando. Bai taɓa cewa yana yin abu don kakanni sun yi ba. Ka mai da ubanka wawa don ka ci maki."

Na ce, "Kawu..."

"A nan Malam nake. Ranar Juma'a mai zuwa nake miƙa sakamako. In babu shafi na gaskiya, zan rubuta ba ka kawo aiki ba."

Ma'anar wannan ita ce maimaita shekara, kuma a shekarun nan babu gidan da zai iya ɗaukar ɗalibi shekara ta ƙari. Na san in na dawo ƙauye da akwatina, na dawo ke nan.

Ban san wanda ya kai wa Inna, mahaifiyata, labari ba. Ranar Asabar ta zo gidan kakarmu, mayafi a karkace. Ina cikin ɗaki, ba ta sani ba, ko kuma ta sani ta yi kamar ba ta sani ba. Ba za ta iya ambaton sunana ba, ba kuma za ta iya cewa ɗanta take karewa ba, don haka faɗan ya fito a wata irin siffa.

"Na ji an ce wani malami yana kayar da 'ya'yan mutane."

"Wane malami, Yaya?"

"Wani da na goya, ya yi mini fitsari a baya ba sau ɗaya ba."

"Allah Ya shirye shi. Ɗan wa ya kayar?"

"Oho! Ni ina ruwana? Ɗan mutane dai. Mutane sun sayar da akuya, sun sayar da tunkiya, an kai ƙarshe, sai wani ya zauna gindin ɗorawa da tawada kamar mai rubutun sha, ya ce yatsa bai yi masa ba!"

"Yaya, in na bar ɗan mutane ya wuce da ƙarya, gobe shi zai tsaya gaban aji."

"To ka ci ajin!"

Ta fita ba sallama. An ce ta yi wata biyu ba ta amsa gaisuwarsa ba. Ƙanwata ta ce sati biyu ne. Ban san wanda ya fi gaskiya ba.

Washegari da sassafe Kawu ya tsaya a ƙofar ɗakina. "Ɗauko littafi da fensir. Ɗauko fartanya kuma, kada ka je wa mutane gona hannu biyu kamar baƙon birni."

Wannan safiyar ita ce na fi tunawa, ita ce kuma na fi shakka a kanta, don ta yi kyau fiye da yadda nake zaton safiya takan yi. An yi ruwa kafin asuba. Tururi yana tashi daga ƙasa a hankali, gero ya kai ƙirji, dawa tana biye da shi, wake ya fara yaɗo a ƙarƙashinsu. Gonaki sun haɗe da juna har iyakar gani, babu daji ko kaɗan, sai itatuwa tsaye ɗai-ɗai da balbelu a kansu. Ina bin bayan Kawu, rigarsa tana jiƙewa da raɓa, sai nake ji kamar cikin ruwa muke tafiya, ba mu kuma matsawa.

Muka tarar da Baba yana maimai, wato noma na biyu. Kawu ƙanen matarsa ne, akwai wasa tsakaninsu.

"Sarkin noma, wannan gona ce ko kasuwa? Kowa da kowa a ciki!"

Baba bai ɗago ba. "Ɗan boko, ka zo cin abin da ba ka shuka ba?"

"Na zo in ji dalili. An ce tsoro ne ya hana ka bin malaman gona."

Nan Baba ya miƙe. Ya gan ni, ya kawar da kai, ya dubi Kawu. Kawu ya yi mini alama da ido in koma bayansa. Na tsuguna, na ɗora littafi a gwiwa. Sai a lokacin na gane dabarar: Baba ba da ni zai yi magana ba, da abokin wasansa zai yi.

"Tsoro? Wa ya ce? Ni na fara ba malamin gona fili a garin nan. Can gefen gabas, masara zalla. Shekarar farko, da takinsu, ta yi kyau har mutane suna zuwa kallo. Ban musa ba, buhu ya fi yawa. Shekara ta biyu na shuka, na jira taki. Na je layi sau huɗu. Da ya iso masara ta riga ta yi ja kamar an ƙona ta. Da a ce duk gonar na ba shi, da me yaranka za su ci in sun zo hutu?"

"To wannan cakuɗin fa?"

"Gero na watan yunwa ne, shi ke fara shiga rumbu. In ruwa ya ɗauke da wuri, na riga na tsira da shi. In ya daɗe, dawa ta sha. Wake mu ci, harawarsa awaki su ci, awaki su ba ni takin da ba sai na durƙusa wa kowa ba. Ku kuna lissafin shekara ɗaya mai kyau. Ni so nake a yi goma a jere ba a kwana da yunwa a gidana ba."

Ya yi ta magana. Ban san tsawon lokacin ba. Inuwar Kawu ta taso daga kaina ta koma ƙafafuna. Ban taɓa jin muryar mahaifina ta yi tsawo haka ba, ban ma san yana da dariya mai sauti ba sai ranar.

Da ya gama, Kawu ya ce, "Akawuna zai karanta, ka ji ko ya yi maka ƙarya."

Na karanta, ina kallon bayan rigar Kawu. Da na zo inda na rubuta cewa manomi ba ya amincewa da ruwan sama, Baba ya ɗaga hannu.

"Gaya masa ban zargi ruwa ba. Ruwa na Allah ne. Masu alkawarin taki na zarga."

Na goge, na gyara, na sake karantawa. Ya ce, "Haka ne." Kawu ya zaro 'yar kwalbar tawada daga aljihu. Baba ya goge yatsa a wando, ya dangwala. Tsagogin suka fito fari-fari a cikin baƙin, kamar hanyoyin gona.

A hanyar komawa na ce wa Kawu zan canza matsayi, in koma bayan Baba.

"Don ya kayar da kai, ko don ubanka ne?"

"Ina jin... wataƙila duka biyun."

"To je ka raba su. Ba na ba da maki don ladabi."

Kwana uku na yi ina rabawa. A ƙarshe ban koma bayan Baba duka ba, ban kuma zauna inda nake ba. Na rubuta cewa manomi ya ware yanki kaɗan ya shuka iri ɗaya, amma sai taki yana cikin ɗakinsa kafin shuka, ba a bakin wani ba. Kawu ya karanta a tsaye. Ya ce matsayin ya ƙanƙance, amma yanzu yana da ƙafafu. Bai ba ni maki da hannunsa ba. Ya kai wa wani malami, ya gaya masa ni ɗan yayarsa ne, ya kuma gaya masa abin da na yi da farko, ya ce a rage abin da ya kamata a rage. Na haye da ƙyar. A ƙasan shafin ƙarshe ya rubuta layi ɗaya: "Shafi na uku ya fi sauran, ka kai wa mai shi godiya."

Ban kai ba. Ta yaya zan kai? Na gama kwaleji, na yi shekaru ina koyarwa, na aura, na aurar. Kawu bai sake tayar da maganar ba ko sau ɗaya, har ya bar duniya.

Baba yana nan da rai, ya tsufa ƙwarai, idonsa ya yi rauni. Bayan addu'ar bakwai na shiga in yi masa sallama zan koma bakin aiki. Yana zaune a zaure, ƙanwata tana dama masa fura. Na durƙusa, na gaishe shi, ya amsa yana fuskantar bango. Har na yunƙura zan tashi sai ya ce da ita:

"Tambaye shi, takardar nan da marigayi ya sa na dangwala wa hannu, nawa aka ba mu?"

Ƙanwata ta ce, "Baba, ai ya gama tun tuni, har ya kusa ritaya."

"Na san ya gama. Takardar nake tambaya."

Ban jira ta juyo gare ni ba. Na ce, "Mun ci, Baba. Da ƙyar. Kawu ya ce shafinka ya fi nawa, ya ce in yi maka godiya. Na gode."

Ludayin ƙanwata ya tsaya a cikin ƙwarya. Sannan Baba ya share ido da bakin rigarsa, ya ce da ita:

"Gaya masa da ƙyar ɗin daga ɓangarensa ne."

Iyakar abin da na iya tattarawa ke nan, kuma ta gefe ɗaya na san Kawu. Akwai waɗanda suka zauna aji ɗaya da ni, da waɗanda suka yi aiki tare da shi, da waɗanda aka je ƙofarsu da littafi da fensir. In wani ya ga na sa masa maganar da bai yi ba, ko na tausasa abin da ya fi haka zafi, ina roƙonsa don Allah ya aiko da gyara ta gidan marigayin, za a kawo mini. Zan goge, in sake rubutawa, ko sau nawa ne.